Ranar da Jirgi Ya Rabu Biyu da Babana a Ciki

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta ranar da na ɓatar da mahaifina a ƙasar Turawa.

Lokacin ina karatu a Faransa, ƙanwata kuma tana aure a Jamus. Da ta haihu, muka haɗu muka ɗauko Baba daga unguwarmu ta Kara-Kara don ya halarci suna. Baba baduku ne, duk rayuwarsa a Zinder ya yi ta, kuma da yake Damagaram ba mu da layin dogo, bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba. Shi ya sa da ya sauka wurina a Faransa, na ce ta jirgin ƙasa za mu je Jamus.

Ana gobe tafiya sai ma'aikatan jirgi suka shiga yajin aiki, aka soke jirginmu. Na wuni ina lalube a salula har na haɗa wata hanya mai kwana-kwana: mu ratsa Baljik, mu sake jirgi, mu ɓulla Jamus. Har da yabon kaina. Baba ya ce, “Ɗan nan, in hanya ta ƙi, ba sai a haƙura ba?” Na ce, “Baba, ka bar mini komai.” Na karɓi fasfonsa da biyensa, wato tikitin jirgi, na zuba a aljihuna, don kada su faɗi.

Jirgin da muka samu ya cika maƙil. Muna cikin tafiya Baba ya ce zai kewaya. Makewayin da ke kusa da mu a rufe yake, sai na raka shi tarago na gaba, na dawo gadin kaya. Jirgi ya tsaya a wata tasha, aka yi sanarwa da wani yaren da ba na ji. Na ji ɗan girgiza, muka ci gaba.

Shiru Baba bai dawo ba. Na tashi in duba shi. Da na isa ƙofar da muka bi ɗazu, sai na tarar da ita a kulle, ta gilashi kuwa babu tarago, sai dogo fayau. Ashe saboda yajin aikin an haɗa jirage biyu ne, a tashar nan aka raba su. Namu ya nufi Jamus, nasa ya nufi Holan. Tsoho ba takarda, ba salula, ba ya jin komai sai Hausa da ɗan Barbarci.

Na sauka a tasha ta gaba ina ta salati. Ma'aikacin da na samu ya buga waya nan da can, ya ce in jira. Jirgin da zai bi bayansu kuma an soke shi. Ƙanwata ta kira tana tambayar ina muka kawo, na ce mata zan kira ta an jima.

Wajen la'asar salulata ta yi ƙara. Lambar gida ce, Inna ce daga Zinder. Ban san da bakin da zan gaya mata ba. Sai ta riga ni: “Kai, ina ka yar da ubanka? Ga shi can wajen wata baiwar Allah, tun ɗazu yake jiranka.”

Ashe da jirgi ya kai ƙarshen hanya, kowa ya watse, Baba ya fito ya zauna a benci yana ta yi wa duk baƙar fatar da ta gifta sallama. Da yawa suka wuce. Can wata mata 'yar Gana, haifaffiyar zangon Hausawa, ta amsa masa da Hausa. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ta Inna, ita aka kira.

Inna ta ba ni lambar matar, da mota na je. Na same shi a ɗakin matar, an ba shi tuwo, ya yi sallolinsa. Na durƙusa ina kuka. Ya dafa kaina, ya ce, “Tashi. Ni ma na tsorata.” Ban taɓa jin ya faɗi haka ba.

Mun riski sunan da ƙyar. Abin da na koya shi ne, in za ka yi wa mutum jagora, kada ka riƙe komai a hannunka kai kaɗai. Ka bar masa abin da zai tsaya da shi in Allah Ya raba ku, don rabuwa ba ta sallama.