Jimlar da Kika Bari a Darasi na Huɗu

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, muna ofis da hantsi mijinki ya kira ya ce kin rasu, bayan jinyar kwana shida. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai Jan Biro muke kiranki. Mu ke gina manhajar rubutu, ke kuma ke rubuta darussan da sababbi ke koyonta da su. Shekara bakwai ina mamakin yadda kike aiki. Sai ki kira direba ko mai shara, ki zaunar da shi gaban kwamfuta, ki ba shi darasi, ki naɗe hannu ki yi gum. Duk inda yatsansa ya tsaya, nan biron naki zai sauka.

Watan jiya na taɓa siririn layin da ke ƙasan allo, mai nuna wa mutum inda yake cikin rubutunsa. Da lambar layi yake nunawa, na mayar da shi kaso cikin ɗari. Na ce miki, "Yaya, ɗan gyara ne." Kika harare ni ta saman tabarau, kika ce, "A wurinka. Darasi na huɗu ya ce a duba lamba. Wanda ya duba bai gani ba, cewa zai yi shi ya ɓata, ya rufe, ba zai sake dawowa ba."

Kin fara gyaran, ciwo ya tsayar da ke. Ni aka ba in ƙarasa kafin Litinin, ranar fitar da sabuwar manhajar. Da na buɗe, sai na tarar kin bar wata jimla: "In lamba ka gani ba kaso ba, ba ka ɓata komai ba, tsohuwar manhaja gare ka. Ci gaba." Wa zai rage da tsohuwa bayan Litinin? Na ɗauka mantuwa ce, har na yi niyyar gogewa, amma abin ya tsaya mini a rai, don ban taɓa sanin ki da mantuwa ba.

A zaman makoki na tambayi mijinki game da jimlar. Ya nuna mini mahaifinki a kan tabarma, ya ce bana ya fara koyon rubuta wasiƙa ga jikokinsa, kuma kwamfutarsa ba za ta ɗauki sabuwar ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, a na uku muka tsaya da ita. Na huɗun yana da wuya?"

Na ce, "Baba, ba wuya. Ta riga ta gyara maka." Ban goge jimlar ba, Yaya, kuma gobe zan je mu yi na huɗun.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ya ba Baba, mijinki da 'ya'yanki haƙurin wannan rashi. Amin.