Turken Jirgin Baba

Babanmu ɗan fito ne. Da kwale-kwalensa ya ciyar da mu, yana ƙetarar da mutane da awakinsu da kekunansu, mu kuma muna wasa a gindin turken ƙarfen da yake ɗaure jirgin. A jikin turken nan na koyi tsayuwa. Da masu ɗibar yashi suka cinye gaɓa, masu gawayi suka gama da itatuwa, sai kogi ya koma kamar lambatu, ana tsallake shi ko takalmi ba a cirewa. Baba ya koma gadin shago. Jirgin kuwa a murhun Inna ya ƙare.

Sai ga wata ƙungiya ta zo gyara. Suka kewaye gaɓar da waya, suka dasa itatuwa, suka ce ba mai shiga sai ranar Asabar, shi ma a bayan jagora. Ku ji fa. Wurin da na yi rarrafe, wai sai an nuna mini hanya.

Baba ya ce in kai shi ya dafa turkensa tun ƙafa tana ɗaukarsa. Gwiwoyinsa sun tafi, na san ba zai sake wannan tafiyar ba. Muka bi ayari, mu ne a ƙarshe. Jagorar, wata doguwa mai hular rana, tana ta nuna wa baƙi ciyawar da ke riƙe ƙasa da sheƙar tsuntsayen da suka dawo, kowa yana ɗaukar hoto. Baba yana nishi yana dogara sanda.

A kwanar kogin ya tsaya cak. Ga turken can ƙasa da hanya, ya yi tsatsa, ruwa yana lasar gindinsa. Tsakaninmu da shi duk sabon dashe ne, ko gwiwa bai kai ba.

Na ce, "Baba, kama hannuna mu sauka. In sun isa su ɗaure ni."

Jagorar ta matso. "Yaya, ki yi haƙuri, itatuwan ba su yi saiwa ba tukuna. In aka taka su, shi ke nan."

"Lokacin da mutumin nan yake fito a nan, ko auren uwarki ba a yi ba, balle ke."

"Ke dai bakinki ya riga ƙafarki fitowa duniya," in ji Baba. Ya daɗe yana kallon turken, sannan ya juya ga jagorar. "'Yata, zurfin kogin a tsakiya fa?"

"Da damina yana kai ƙirji, Baba."

Ya gyaɗa kai. "Saura kaɗan ya ɗauki jirgi ke nan. Ku bar 'ya'yan itatuwan nan su kama ƙasa."

Bai sauka ba. Ya zauna a kan dutsen bakin hanya, ayari ya wuce ya bar mu. Ni har yau ina jin haushin wayar nan. Shi kuwa da muka koma gida, ya ci abincinsa tas, har da neman ƙari.