Taguwar Yaya Ilu

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidanmu a Gumel da sassafe ya san abin da zai tarar. Yaya Ilu ne tsaye gaban motarsa da buta a hannu, ya buɗe mata hanci yana zuba ruwa a lagireto, yana shafa ta yana cewa, "Kin tashi lafiya? Ya gajiyar jiya?" Ba ya kurɓar koko sai ta sha ruwa. In matarsa ta aiko cewa kokon zai huce, sai ya ce a gaya mata dabba ake fara shayarwa kafin mai ita.

Ni ce autarsu, shi ne babban wanmu, kuma tun ina yarinya da raƙuma na san shi. Fatauci yake yi tsakanin Maigatari da Damagaram, har ya kai shi ne madugu. Da manyan motoci suka ƙwace hanya, farkon shekarun saba'in, ya sayar da raƙuman ya sayo wata farar mota ta hannu a Kano. Raƙuman ne kawai suka tafi, halin yana nan. Ya sa mata suna Taguwa, wato macen raƙumi, kuma ya ci gaba da kiwonta yadda ya saba.

A ranar da ya kawo ta ya yi rantsuwar da ta zame mana abin magana. Taubashinmu Sale, ɗan gwaggonmu, wanda yake tuƙa babbar mota, ya zagaya ta ya taɓa tayar da ƙafa ya ce, "Madugu, wannan tsohuwar ai ni zan riƙa jawo maka ita gida."

Yaya ya ce, "Kai bawana, saurara. Taguwata ta gaban ayari ce. A ayari kowane raƙumi a wutsiyar wani ake ɗaure shi, ban da na madugu. In ka ga igiya a wuyan motar nan, to ba na numfashi."

Washegari Sale ya je kasuwa ya sayi igiya sabuwa mai kauri, ya rataye ta a bayan kujerarsa. Duk inda suka haɗu sai ya ɗago ta ya girgiza.

Kun san Yaya da tsimi. Wani ya gaya masa cewa duk lokacin da aka murɗa makulli batir yana raguwa, shi ke nan ya haramta wa kansa sitata. To ƙasarmu ba tudu ba gangare, ina za a sami inda mota za ta gangara ta tashi? Sai ya sa masu jakuna suka yi ta jido ƙasa, aka yi masa tudu a ƙofar gida, aka daɓe. Can bisa Taguwa take kwana, da dutse a gindin taya. Da safe a zare dutsen, ta gangaro, ya saki kulochi, ta yi tari ta kama. In kuwa a wani gari ya tsaya, duk wanda ya zo gaishe shi ya san da turi a cikin gaisuwar. Har liman ya taɓa tura ta a Gagarawa.

Wata rana fitila ta ƙi kamawa, ya kai wa Garba makanike. Garba ya duba ya ce, "Alhaji, batir ya mutu."

"Ya mutu? Batir ɗin da ban taɓa sa shi aiki ba?"

"Ai ko ba a sa shi aiki ba yana tsufa."

Yaya ya gyaɗa kai ya ce, "Ka gani ko? Da na biye muku ina murɗa makulli, da tun bara ya mutu."

Shekarar da aka sauya hannun tuƙi, kowane direba hankalinsa a tashe. Sale ya zo takanas ya ce, "Madugu, ka ji sanarwa? Daga yanzu dama za a riƙa bi, ba hagu ba." Yaya ya ce, "Wannan ku ta shafa. Ni tun da na fara tuƙi tsakiya nake bi." Kuma gaskiyarsa ce. Ga shi ba ya gudu, masu keke suna wuce mu har su waiwayo su yi mana sannu. In rana ta take kuwa, ko ina ne sai ya ratse gindin bishiya, wai ba a kora dabba da tsakar rana. Ni dai na sha takaicin wannan hutu, don na rasa walimar suna ba ɗaya ba saboda shi.

Amma ranar kanwa ita ce ba zan manta ba. Ranar kasuwar Maigatari ce, ya kai ni barka gidan surukan 'yata, shi kuma ya shiga kasuwa. Da zan taho suka ba ni ƙunshin garin kuka mai kyau, kore shar, na ƙulle a gefen mayafi ina murna. Na fito na tarar da shi ya jiƙa wani abu a ƙwarya yana ɗura wa motar. Na ce, "Yaya, me kake ba ta?"

"Kanwa ce, ungurnu, daga wajen mutanenmu na arewa. Kwana biyu ina jin cikinta yana ƙugi. Wace dabba ce za ta shekara ba a ba ta kanwa ta wanke ciki ba?"

"Garba ya sani?"

"Garba ya taɓa kiwon ko akuya?"

Na shiga mota. Mun yi nisa kaɗan, muna cikin rairayin nan na hanyar Gumel, sai tururi ya turnuƙe gaban motar. Yaya ya tsaya, muka fito. Ruwa ja kamar na kududdufi yana zuba daga ƙasanta, ba ta wuri ɗaya ba. Ban taɓa ganin fuskar Yaya ta faɗa irin ta ranar ba. Ya tsuguna yana kallon ruwan yana cewa, "Sannu, sannu."

Ba mu daɗe ba muka ji hon ɗin da duk muka sani. Sale ne ya taso daga kasuwa da lodin hatsi. Ya tsaya, ya sauko a hankali, igiya a kafaɗa, ya yi mana sallama mai tsawo har da tambayar mutanen gida.

Yaya ya miƙe ya gyara hula ya ce, "Hutawa take yi."

"To madalla. Wannan fitsarin fa?"

Ni ce na tona, na ce kanwa ya ba ta. Sale ya zauna a ƙasa daɓas yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Madugu, tsatsar da ke cikin lagireton nan ita ce ta toshe ramukan da ke jikinsa. Ita ta riƙe maka ruwa tun daga Kano. Ka wanke ta tas." Ya shimfiɗa igiyar a gaban motar ya ce, "Bismilla. Ba wanda zai ji, sai duk Gumel."

Ni wallahi na so a ja mu. Rana ta karkata, ƙafafuna sun kumbura, ga yara na bari a gida. Amma na dubi Yaya, sai na tuna rantsuwarsa. Shi kuwa ya juyo ya ce, "Kande, me kika ƙulle a mayafin nan?"

"Kukata ce."

"Kawo. In salkar ruwa ta tsiyaye a hanya, abu mai yauƙi muke dama mata ya liƙe ramin."

"Yaya, kukar surukai ce fa, ko ɗanɗanawa ban yi ba."

"Zan saya miki buhu."

Har ya koma ga Allah ban ga buhun nan ba. Ya je rijiyar makiyaya da ke kusa ya ɗebo ruwa, don ya ce ba zai taɓa ruwan Sale ba. Ya dama kukar a ƙwaryar da ya jiƙa kanwa, ya ɗura. Makiyayan suka tura mu. Zubar ba ta tsaya duka ba, amma ta ragu ta koma ɗigo. Haka muka riƙa tafiya, duk rijiyar da muka gani sai mun tsaya an ƙara ruwa, motar kuma tana tashin ƙamshin miya. Sale da yake iya isa gida tun la'asar, ya sa babbar motarsa a bayanmu yana rarrafe, igiyar a rataye a madubi inda Yaya zai riƙa ganinta. A lokacin na ɗauka tsokana ce kawai. Daga baya na gane ba ya so ya bar mu a daji.

Mun shiga Gumel rana tana shirin faɗuwa, Taguwa ta hau tudunta da ƙafarta. Yaya ya fito yana taku ɗai-ɗai. Sale ya leƙo ta taga ya shaƙi iska ya ce, "Kande, kanwa ta ji, kuka ta ji. Miƙo daddawa, a tuƙa tuwo." Da aka kai wa Garba ya liƙe lagireton da dalma, ya buɗe murfin ya sunsuna, ya tambaya wace ce ta yi girki a ciki.

Ƙarshen shekarun saba'in ne ciwo ya kwantar da Yaya, bayan an gama girbi, kuma bai tashi ba. Da aka yi rabon gado motar ta faɗa wa ɗansa Habu, wanda yake zaune a Sule Tankarkar. Ta daɗe a kan tudu ba a taɓa ta ba, ƙura ta rufe ta, taya ɗaya ta saki. Habu ya sa aka yi mata iska, ya murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Sai ya aika a roƙi Sale ya zo ya ja ta.

Ina zaure na hango shi tafe da igiyar nan a kafaɗa, ta tsufa ta yi baƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata ashe yau burinsa zai cika. Ya iso, ya sauke igiyar ya ajiye a gabana ya ce, "Kande, ki sa a gugan rijiya. Ba ta da sauran aiki."

Ya karɓi buta, ya buɗe hancin motar ya zuba mata ruwa, ya shafa ta ya ce, "Kin tashi lafiya? Ya haƙuri?" Ya ce wa Habu, "Shiga. Buɗe makulli kawai, kar ka murɗa. Sa giya ta biyu, ka take kulochi sai na ce ka saki." Ya zare dutsen da hannunsa, ya kafa kafaɗa a bayanta, tsoho da shi. Maƙwabta suka kama masa. Ta gangaro shiru har gindin tudu, ya ce "Saki," ta yi tari, ta sake yi, ta kama.

Sale ya tsaya yana haki, hawaye yana bin gemunsa. Habu ya leƙo ya ce, "Baba Sale, ka wuce gaba in bi ka."

Ya ce, "A'a, ɗana. Ni a baya zan bi. Ita ce ta gaban ayari."

Allah ya jiƙan Yaya Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya shayar da shi yadda ya shayar da duk abin da aka ba shi kiwo. Kukata kuma na yafe.