Ok-bun da Ƙanenta a Hanyar Gaɓar Teku

Duk wanda ya daɗe a Mukho ya san Gil Ok-bun, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar tsohuwar nan da ke zama a bayan kasuwar kifi, wuƙa a hannu, tana feɗe ojingo, kifin nan mai hannuwa barkatai, tana miƙa wa masu shanya. Tun tana budurwa take wannan aiki, har gishiri ya cinye mata fatar yatsu.

Ba 'yar garin ba ce. An haife ta a wani ƙauyen masunta can kudu, kusa da Yeongdeok. Teku ta ci ubansu, da shekara ta zagayo zazzaɓi ya ɗauke uwarsu, aka binne ta a kan tudun da ke bayan ƙauyen. Ok-bun, wadda ko ƙirgar dangi ba ta fara ba, ta goya ƙanenta Du-chil ta bi wata gwaggonsu zuwa arewa. A can ta yi aure, mijin ya rasu bai bar ta da ɗa ba. Du-chil shi ne ɗan. Da kifin da ta feɗe ya yi makaranta, ya zama direban babbar mota, ya yi iyali a Seoul, ya yi tumbi da surutu.

Ba ta taɓa komawa ƙauyen ba. Lokacin da mutane ke zuwa share kaburburan iyayensu shi ne lokacin da kifi ke cika tashar jiragen ruwa, kullum sai ta ce baɗi. Ana haka idanunta suka fara rufewa daga gefe, duniya ta koma mata kamar mai leƙe ta cikin bututu. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, abin da ya rage ma tafiya zai yi.

Wata safiya da kaka, sai ga Du-chil da wata ƙaramar mota a ƙofar rumfar da take aiki.

"Yaya, ajiye wuƙar nan, ɗauko rigar sanyinki."

"Ina za ni?"

"Wurin Inna, tun idonki bai ƙarasa rufewa ba."

"Ka haukace? Ana tsakiyar aiki?"

"Wane aiki? Kifin ma ya gudu daga tekun nan, ya gaji da ganin fuskarki."

Ta zage shi tas, matan rumfar suna dariya, sannan ta wanke hannu ta shiga motar.

Hanyar ta bi gaɓar teku ta yi kudu. Ruwan yana gefen direba, dole sai ta gaban fuskarsa take hangensa.

"Matsar da wannan hancin naka, ka tare min teku."

"Hancin Baba ne, ki kai ƙara wurinsa."

Duwatsu sun yi ja da rawaya. Manoma sun shanya shinkafa a bakin titi, a ƙofar gidaje an rataye kanyar ƙasar, manya-manya, jajaye. Abin da idonta ya kasa kamawa sai ta ce ya faɗa mata, shi kuwa bai iya ba.

"Mene ne wancan fari?"

"Abu ne."

"Wane abu?"

"Farin abu, Yaya. Ni direba ne, ba malamin makaranta ba."

Ko'ina ya ga an taru sai ya tsaya. Ya kai ta wani wurin ibada a kan dutse inda igiyar ruwa ke dukan ƙasansa, ya saya mata gasasshiyar masara, ya sa wasu ɗalibai suka ɗauke su hoto. Ok-bun da ta shekara hamsin da wani abu tekun na bayanta, ranar ta fara zama ta fuskance ta hannu babu wuƙa. Ta rasa inda za ta sa hannuwan, sai ta cusa su cikin aljihu.

Da la'asar suka sauka a gidan wata mata mai ba baƙi ɗaki, kusa da Uljin. Matar ta shimfiɗa musu katifa a daɓe mai ɗumi, ta ce, "Kai, abin sha'awa. Mijinki na ji da ke, Iya."

"Wannan? Ni na wanke masa kashi," in ji Ok-bun.

"Kuma har yau ba ta daina gori ba," in ji Du-chil.

Ya sa aka dafa musu jar ƙaguwa da miyar kifi mai yaji. Ya zauna yana fasa ƙafafun, yana zaro naman, yana tara mata a kan shinkafa. Ta ci har ta yi gumi. Sai can ta lura tsinkensa na cin abinci bai taɓa kwano ba. Mutumin da yakan share tukunya ya nemi ƙari.

"Ba ka ci."

"Na ci a hanya."

"Tare muka yi hanyar."

Ya ja zancen ya kai wani wuri. Da sassafe ta ji shi a bayan gida yana tari, irin tarin da mutum ke toshe baki don kada a ji. Ta kwanta shiru kamar mai barci. Ba ta tambaye shi ba, don tsoron amsar take ji.

Rana ta ɗaga lokacin da suka isa ƙauyen. Babu abin da ta gane. Inda gidansu yake an zuba siminti, an ajiye motoci. Tudun kaɗai ke nan. Suka ɗauki kwalbar giyar shinkafa da busasshen kifi da 'ya'yan itace suka kama hawa. Ba su yi nisa ba Du-chil ya zauna a kan wani dutse, numfashinsa na fita da ƙyar. Ta kai hannu ta dafa kafaɗarsa, ta ji ƙashi a inda ta san tsoka.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara. Huhu ne. Sun ce ba abin da za su yanke."

"Shi ne ka zo ka ce don idona?"

"Don idonki ne mana. In na tafi wa zai tuƙa ki?"

Ta ɗaga hannu ta kai masa duka a baya, kamar yadda take yi yana yaro in ya yi wasa a bakin ruwa. Ta sake kai wani. Na uku bai sauka ba, ta riƙe rigarsa.

"Ni ce babba," ta ce. "Ba ka da kunya. Ni ce babba, ni ya kamata in riga ka tafiya."

"Yi haƙuri, Yaya. Je ki gaishe da Inna, ki ce ina ƙasa."

Ta hau ita kaɗai, tana laluben hanya da ƙafa, ƙaya na kama mata siket. A sama ta tarar da tarin kaburbura, duk ciyawa ta rufe su. Waɗanda ke da dutse mai rubutu ba nasu ba ne, su ba su da halin sa dutse a wancan lokaci. Ta bi marasa alamar tana dafa su, tana jiran zuciyarta ta ce ga shi. Zuciyar ba ta ce komai ba. A ƙarshe ta zuba giyar kaɗan-kaɗan a kan kowanne, ta ajiye kifin a tsakiya, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa.

Da ta sauko, yana nan inda ta bar shi.

"Kin same ta?"

Ta so ta yi masa ƙarya, amma ba ta saba ba. "Ban gane ba, auta. Na zuba wa kowa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Kin yi daidai. Ke kika ce min Inna ba ta iya cin abu maƙwabta na kallo."

Suka daɗe a kan dutsen. Daga nan ana ganin jiragen masunta na shigowa, ya riƙa nuna mata su, wannan karon yana ƙoƙari: wancan shuɗi ne, wancan ya tsufa, wancan mai shi bai iya tuƙi ba.

A hanyar dawowa sun yi ta tsayawa don ya huta. Ya sauke ta a ƙofar rumfa, ya ƙi shiga, ya ce matan nan za su cinye shi da baki.

Du-chil bai ga narkewar ƙanƙarar hunturun shekarar ba. Matarsa ta turo mota aka kai Ok-bun Seoul, ta zauna a gefen gadonsa tana shafa masa ƙafa har ya cika. Idanun nata sun ƙarasa rufewa a cikin shekarar. Ta ƙi zama a gidan 'ya'yansa, ta koma Mukho. Wata maƙwabciyarta ke riƙo hannunta zuwa rumfa da safe, in an samu kifi ta feɗe, don hannunta ya san hanya. Ranar da babu, sai ta zauna tare da sauran matan, a sa mata shayi a hannu, ta sha tana jin hirarsu.