Muryar da Na Rufe da Ƙyalle

Edita, bayan gaisuwa. A shekarun farko bayan samun 'yancin kai ni ma'aikacin gidan rediyo ne, ina fassara labarai zuwa Hausa kuma ina karanta su da bakina. Ban kai shekara talatin ba, ban yi aure ba, kuma abin taƙamata ɗaya ne, wato Hausata. An horar da mu kada mu haɗiye harafi, kada mu ja wasali inda ba a ja, kada mu ɗauko kalmar aro alhali akwai ta gida. Wannan horo bai tsaya a wurin aiki ba. Idan mutum yana yi mini magana, rabin hankalina yana kan abin da yake faɗa, ɗaya rabin yana gyara masa jimla.

Na daɗe ina son ganin ƙasa mai tsarki, ba irin ganin mako uku da ake yi a guje ba. Sai na ɗauki hutu ba albashi, na bi ta Sudan, na hau jirgin ruwa, na sauka Jidda cikin watan Sha'aban. Niyyata in yi umra da azumi, in ziyarci Madina, in zauna har aikin hajji. Guzurina kuwa ba zai ɗauki masauki na wata huɗu ba. A wani masallaci na unguwar Sabil, inda mutanenmu suke da yawa, wani dattijo ya gaya mini cewa masu gida a nan idan za su yi doguwar tafiya sukan nemi mutumin kirki ya zauna musu, ya kula da ƙofa da dabbobi. Ba a biyansa, shi ma ba ya biyan komai. Ya ce ya san wani gida da ke neman irin wannan mutum, kuma ganina da takarda da alƙalami ya sa ya yi mini zaton natsuwa.

Maigidan magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, magatakarda a wani sito na tashar jiragen ruwa. A Jidda aka haife shi. Iyayensa sun taso daga ƙasar Hausa da ƙafa, suka yi shekaru a Sudan suna aikin auduga kafin su ƙetaro. Mahaifinsa ya rasu shekara uku da suka wuce, mahaifiyarsa kuma yanar ido ta kusa rufe mata gani, shi ne zai kai ta Masar a yi mata aiki, tare da matarsa da 'ya'yansa, na kusan wata uku. Yana jin Hausa sarai, amma idan zai yi ta sai ya yi tunani da Larabci ya juyo kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Yana kirana Ustazu, yana cewa in yi haƙuri da Hausarsa ta 'yan bahar, wato 'yan bakin teku. Na ce ba komai, a zuciyata kuwa na riga na ƙirga masa kuskure bakwai.

Ya zaga da ni gidan. Ga tattabaru a saman soro, ga kyanwa biyu, ga randunan da ɗan garuwa ke cikawa kullum, ga buhun shinkafa da ya ce in ci yadda nake so. Daga ƙarshe muka tsaya a ƙofar ɗakin tsohuwar, inda aka rataye keji. A ciki akwai aku, toka-toka mai jan wutsiya, wanda mahaifinsa ya saya hannun ma'aikatan jirgi fiye da shekara ashirin baya. Maigidan ya yaye wani baƙin ƙyalle da ke kan kejin, ya riƙe shi a hannu, ya nuna mini gyaɗa da dabino. Sannan ya ce akwai abu guda da ya fi abinci muhimmanci: kullum bayan sallar asuba tsuntsun zai yi magana, kuma idan ya yi, lazim, wato dole, in mayar a kansa. Ya maimaita har sau biyu, yana kaɗa hannun da ke riƙe da ƙyallen. Na dubi ƙyallen, na dubi kejin, na ce na gane. Har na gyara masa, na ce a Hausa cewa ake yi a rufe shi. Ya yi murmushin wanda bai tabbata ba, ya ce Ustazu ya fi shi sani. Daga bayan labule tsohuwar ta gaishe ni, ta kira ni ɗanta, ta ce ga Malam nan ta bar mini amana. Na ɗauka sunan wasa ne suka sa wa tsuntsu.

Washegarin tafiyarsu, ina dawowa daga masallaci, sai na ji tari a cikin gidan. Tarin tsoho ne, mai nauyi, da gyaran murya a bayansa. Sai wata murya mai kauri da ɗan rawa ta kira wani suna na mace, ta tambaya ko ta tashi. Na fara neman wanda ya shigo gidan kafin in tuna da akun. Ya yi shiru kamar mai jira, ya sake kira. Hausar tsohuwa ce, ta yamma, da guntun Larabcin Sudan a ciki. Na ɗauko ƙyallen na rufe shi kamar yadda na fahimci an umarce ni. Ya ƙara kira sau ɗaya a cikin duhu, ya yi shiru.

Haka na yi kowace safiya. Da ya yi tari ya kira sunan, sai in rufe shi, ba na buɗewa sai hantsi. A wannan tsakanin nakan zauna a tsakar gida in karanta tsofaffin takardun labaran da na zo da su, da ƙarfi, don kada muryata ta yi tsatsa. In shayar da tattabarai, in zuba wa kyanwoyi abinci, in kama motar Makka in yi ɗawafi in dawo. Na ga abin da na zo gani, kuma ban biya ko kwabo na masauki ba. Har wasiƙa na rubuta wa wani abokin aikina ina yi masa bayanin wannan dabara, ina cewa duk mai hankali haka ya kamata ya yi tafiya. Kiran asuba ya ragu daga uku zuwa ɗaya. Bayan ƙaramar salla ya koma tari kawai. Na ɗauka tarbiyya ce ta kama.

Ɗan garuwan gidan wani Bahaushen Sudan ne mai furfura, mai yawan tsokana, yana kirana ɗan boko. Wata safiya ya zo da wuri ya tarar da kejin a rufe, rana ta riga ta fito. Ya sauke garwayensa ya tambaye ni ko Malam ba shi da lafiya ne. Na faɗa masa umarnin maigida kalma da kalma, don ina da riƙon magana. Ya ce ashe ana iya karatu har a wuce hankali. Ya ce da Larabci idan ana so ka amsa wa mutum cewa ake yi rudd alaihi, kuma idan ka juya shi kalma-kalma abin da zai ba ka ke nan, mayar a kansa. Amsawa aka ce in yi. Ya ce muryar da nake rufewa ta marigayi mahaifin maigida ce, sunan kuma wanda ya sa wa matarsa ne tun suna kan hanya a Sudan, babu mahalukin da ya taɓa kiranta da shi sai shi. Kullum da asuba tsuntsun zai kira, ita ta amsa, sai ya tambaye ta ruwan alwala, ta amsa, sai ya yi mata tsiya cewa shayinta ya yi sanyi, ta rama. Duk unguwar ta san wannan hira. Ya ce tun da aka binne mijin, da wannan hira matar take tashi.

Zuwa nan kuskure ne, kuma da a nan na tsaya da ban rubuto muku ba. Amma na riga na shirya tafiya Madina bayan kwana biyu, na sami gurbi a mota, kuma na ƙudurta yin kwana takwas don in cika salloli arba'in a masallacin Annabi. Na auna abin a natse kamar yadda na saba. Na ce tsuntsun da ya riƙe magana shekara ashirin ba zai mance ta a mako guda ba, in na dawo na gyara. Ɗan garuwa ya ce shi ruwa da gyaɗa zai iya zubawa, amma da asuba yana bakin famfo, ba zai iya zama hira da tsuntsu ba. Ya ce in jinkirta, Madina ba za ta tashi ba. Na ce masa lissafina ya riga ya ƙulle. Na tafi.

Na dawo na tarar da gashin toka a ƙasan keji. Akun ya fige ƙirjinsa da bakinsa har fata ta bayyana. Yana ci kaɗan, yana kallona da ido ɗaya, ba ya ko tari. Na jefar da ƙyallen. Na riƙa zama gabansa da asuba ina amsa kiran da ba a yi ba, ina cewa na tashi, ruwa ya yi ɗumi. Kwana goma bai ce uffan ba. Sai na yi abin da har yau ya fi damuna. Na ce ai murya sana'ata ce. Na tuna kalmomin tsaf, na sa ɗan garuwa ya cika mini waɗanda ban taɓa bari a kai gare su ba, na shiga kwaikwayon marigayin: tarin, gyaran muryar, sunan. Ɗan garuwa ya ji ni sau ɗaya ya ce wannan ba Malam ba ne, wannan labarun duniya ne. Ya ce in bari, in faɗa wa masu gida gaskiya idan sun dawo. Ban bari ba. Cikin mako na uku tsuntsun ya buɗe baki ya kira sunan. Na yi murna ƙwarai. Mutum ba ya jin muryarsa yadda wasu ke jin ta, ko da ya yi shekaru yana aiki da ita.

Sun dawo ana saura kwanaki kaɗan a fita Mina. Aikin idon tsohuwar bai yi ba. Ɗan ganin da ta tafi da shi ma ta baro shi can, jikarta ce ke riƙe da hannunta. Maigidan ya ga ƙirjin tsuntsun ya tambaya, na ce zafi ne. Na kwana a zaure. Da asuba ina tsaye a bakin tsakar gida lokacin da aka fito da ita aka zaunar kusa da keji. Akun ya yi tari, ya kira sunan, ya tambaya ko ta tashi. Kowane harafi ya fita, kowane wasali daidai tsawonsa, babu rawa, babu Larabcin Sudan. Muryata ce. Tsohuwar ba ta amsa ba. Ta ja mayafinta ta rufe fuska kamar yadda mace ke yi idan baƙon namiji ya shigo, ta tambayi ɗanta wane ne wannan da ke kiranta da wannan suna a cikin gidanta. Tsuntsun ya sake kira. Ta ce a mayar da ita ɗaki.

Na faɗa wa maigidan komai a zaure, har da Madina, har da kwaikwayon. Ya saurara bai katse ni ba. Na so ya zage ni. Abin da ya ce shi ne laifin Hausarsa ne, da ya iya harshen ubansa da haka ba ta faru ba. Na ce ba haka ba ne, ni ne ban tambaya ba. Ya ce khalas, Ustazu, shi ke nan, abin ya wuce. Ya sa aka kawo mini shayi, ya raka ni har bakin titi da jakata. Kafin in fita tsohuwar ta aiko jikarta ta ce a gaya wa ɗanta, wato ni, ta gode da tsaron gida, Allah ya karɓi hajjinsa. Ɗan garuwa ya gaya mini daga baya cewa an mayar da kejin saman soro wurin tattabaru, don kada ta riƙa ji. Na yi hajjina, na koma gida, na ci gaba da karanta labarai har na yi ritaya. Ban sake samun labarinsu ba, kuma ban yi ƙarfin halin nema ba.

Na ji yanzu matasa suna sha'awar wannan hanya ta tafiya, a zauna a gidan wani kyauta a kula masa da dabbobi a ga gari. Ba na cewa kada a yi. Amma wanda ya ba ka gidansa ba masauki ya ba ka ba, aiki ya ba ka, kuma rashin albashi bai rage masa nauyi ba. Abin da ya fi daraja a gidan mutane sau da yawa ba shi ne aka kulle a akwati ba, kuma baƙo ba zai gane shi da ido ba. Idan an yi maka umarni, maimaita shi da kalmominka har mai gida ya ce haka ne, musamman idan kana ganin ka fi shi iya magana. Idan ka gano ka yi kuskure, fasa tafiyarka ka zauna. Idan abin ya riga ya lalace, faɗi da bakinka tun a ƙofa, kada ka yi masa faci. Da na bar tsuntsun nan da shirunsa, da matar ta yi rashin murya kawai, ta ci gaba da jin ta a zuciyarta yadda take. Ni na sa mata tawa a wurin, kuma wannan ba ta da hanyar cire shi.