Yadda Mahbuba Ta Samo Rubutu Kan Tafkin Kalmalo

Shekara tara Mahbuba tana koyarwa a Islamiyyar mahaifinta a Illela kafin ta shiga jami'a. Malamin da ke duba bincikenta ya ce in ba ta samo rubutu goma kan kamun kifi a tafkin Kalmalo ba, sai ta sake maudu'i. Ta yi ta lalube a rumbun laburare ta wayarta, maƙala ɗaya tak ta fito.

Mahaifinta, Malam Nu'man, ya leƙa wayar. "Wannan marubucin, wurin wa ya ji?"

"Baba, ai ba hadisi ba ne."

"To mi? Ƙagowa ya yi?"

Ta gangara ƙarshen maƙalar, sai ga sunayen waɗanda marubucin ya ɗauko bayanai daga wurinsu. Ta nemi kowane suna a rumbun. Ranar Litinin ta kai wa malaminta rubutu goma sha uku.