Jan Rubutu Ya Nuna Layina

Ofishin yana saman wani shagon tayoyi a Agege. Ogan wurin Bahaushe ne haihuwar Legas. Ya ɗauke ni gwaji bayan na gama sakandare na ɗan koyi rubuta manhaja. Da ƙyar Baba ya bar ni, kuma da sharaɗi: ranar da aka sallame ni, zancen kwamfuta ya ƙare, in koma tsaron shagonsa.

Harshen kwamfutar da muke rubutu da shi 'yan ƙananan ayyuka ne, wannan ya karɓa ya miƙa wa wancan, kamar masu sauke kaya daga mota. Yana da wani hali. Kana iya faɗa masa irin kowane abu, wannan lamba ce, wancan rubutu ne, sai mai binciken da ke cikinsa ya riƙe ka a kan maganarka. In ka yi shiru kuma, ya ƙyale ka. Tsohon ɓangaren manhajar, wanda Oga ya rubuta, duk shiru ne. Ni aka ba sabon ɓangare, mai haɗa yawan kwandunan tumatir da ake saukewa a kasuwa. Na bi layi-layi na faɗi irin komai, yadda aka koya mini.

Ranar da wani Alhaji, dillalin tumatir daga Ketu, ya zo a nuna masa aikin a babban allo, abin ya tsaya cak. Jan rubutu ya cika allon, yana nuna layina.

Oga bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke, 'yar sakandare. Oya, zo ki karanta wa Alhaji."

Na fito. Na karanta Turancin, harshena na sarƙewa.

"Da ƙarfi mana. Ko a makarantarku raɗa ake yi?"

Sauran ma'aikatan suka yi dariya. Wani ya ce, "Oga, ka bar ta, ja ai kalar tumatir ce, ta yi wa Alhaji ado."

Ina tsaye idona ya faɗa kan abin da ya shigo layin. Ɗan kasuwa ba ya faɗin lamba tsirara, sai ya rataya mata bayani. Yaran Alhaji sun shigar da "arba'in, ban da uku da suka ruɓe". Tsohon ɓangaren ya haɗiye shi ya miƙo, don bai taɓa yin alkawarin komai ba. Nawa ɓangaren ne ya ce lamba yake jira, shi aka kama.

Na ce, "Oga, daga tsohon ɓangaren ya taho. Ni dai na faɗi irinsa ne..."

"Kafin ki zo akwai ja?"

"Babu."

"Da kika zo fa?"

Na kalli jan rubutun.

Ya jawo kujera gaban allon, ya ce in zauna in goge duk inda na faɗi irin abu. Da hannuna, kowa na kallo. Ya tsaya a bayana har ina jin numfashinsa a saman hijabina. Duk layin da na goge sai ya ce, "Madalla. Na gaba." Hawaye na ɗiga a kan madannai, yatsana na zamewa. Alhaji ya ce, "A yi mata haƙuri, yarinya ce," amma idonsa na kan wayarsa.

Jan ya ɓace. Jimilla ta fito, kuma na ga kwando arba'in ɗin nan ba sa ciki gaba ɗaya. Na buɗe baki, Oga ya ɗora tafin hannunsa a kan teburin kusa da hannuna, a hankali. Na rufe.

"Kin gani? Da aka cire ki, lafiya ƙalau." Ya juya ga sauran. "A tafa mata, ta yi aiki mai kyau yau ɗaya."

Suka tafa. Suna cikin tafin ya ce in ɗauki jakata, in bar katin shiga a kan tebur.

A motar danfo na yi ta shirya yadda zan gaya wa Baba, ko in ɓoye har in samu wani wurin. Ashe Oga ya riga ni, ya kira shi tun ina matakala. Na tarar da Baba a ƙofar gida yana alwalar la'asar. Bai ɗago ba.

Ya ce, "Ya ce kin kunyata shi gaban baƙo. Makullin shago na kan taga."